Kin Fita Zaure, Yaron Bai Warke Ba

Saratu ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki kin sauka lafiya, kin sha ruwa, kin yi salla, kuma mai babur bai zubar miki da manja a cikin kaya ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya rufe idon mugu daga hanyar da za ki riƙa bi, Ya sa mutanen da aka kai ki cikinsu su zame miki dangi. Babanki na gaishe ki, ko da yake na san zai yi miki tasa doguwar addu'ar a tasha har direba ya gaji da jira.

Na san za ki buɗe jaka ki ga takarda a ƙarƙashin farin hijabinki na aiki ki ce, “Oh ni, Inna kuma!” To me kike so in yi? Ɗakina da naki bango ɗaya ya raba su, amma tun da abin nan ya faru ba ki bari na kai ƙarshen magana ba. In na ce “Saratu,” sai ki ce “Inna don Allah.” In na ce “zauna,” sai ki tuna kina da wanki. Yanzu haka ina jin ki kina guga kina buga dutsen kamar shi ya yi miki laifi. Shi ya sa na ɗauko biro, na sa tabarau, na zauna. Takarda dai ba ki iya katse ta, sai dai ki yaga, kuma na san tarbiyyar da na yi miki ba ta lalace har nan ba.

Ba labarin gida za ni ba ki ba, kin san shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni: kin fita daga zauren ma'aikatan lafiya. Zauren nan na cikin waya nake nufi, wanda ya haɗa na Sabon Birni da na Isa, masu aiki da irinmu da muka ajiye, inda wanda abu ya shige wa duhu yake tambaya, wanda ya gano dabara yake faɗa wa 'yan uwa. Kin danna kin fita saboda fushi, kuma kin yi haka ana gab da tura ki ƙaramin asibitin da ke bayan Gangara, inda ke ce likita ke ce ungozoma, ba wanda za ki juya ki tambaya sai bango. Kuma akwai yaro a tsakiyar maganar nan, Saratu. Ke kin fita, shi bai warke ba.

Bari in maimaita miki yadda aka yi, domin na lura a naki lissafin abin da ya faru kawai shi ne an ci miki fuska. An kawo miki yaro daga ruga, a asibitin nan na gari da kike taimakawa kafin aikinki ya fito. Ya kusa shekara, tamowa ta kama shi, hannu kamar sillen kara. Wata dattijuwa ce ta riƙo shi. Kika auna shi, kika ba da abincin tamowa na leda, wannan mai ɗanɗanon gyaɗa, kika zauna kika yi wa dattijuwar bayani tiryan-tiryan. Na san kin yi, ba ki da ha'inci a aiki. Uwar yaron kuwa, yarinya ƙarama, tana waje ta ba ɗakin baya, ko leƙowa ba ta yi ba. Da aka dawo da shi awo na gaba, maimakon ya ƙaru sai ya ragu. Ranki ya ɓaci, kika ɗauki waya kika rubuta a zaure, a gaban manya da ƙanana:

“Wai don Allah mi ad damun matan ruga? Yaro na ƙarewa, uwatai ko kallonai ba ta yi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Wasu dai ba su san darajar ɗiya ba.”

Ina tsince shinkafa na karanta wannan, sai da na ajiye tire.

Sai Maryama ta amsa miki, ƙawarki ta makarantar koyon aikin lafiya, wadda ke aiki can wajen Bafarawa, wadda kuma kin sani sarai a ruga aka haife ta. Ba ta zage ki ba. Na saurari saƙon muryar nan tata har na kusa haddace shi. Cewa ta yi:

“Saratu, tsaya in tambaye ki. Ɗan hwari na? Kuma wa kinka yi ma bayanin, wadda tar riƙo shi ko wadda ka kwana da shi? Wurinmu macce ba ta ɗaukar ɗanta na hwari gaban mutane, ba ta hwaɗin sunanai, ba ta nuna ta damu. Kunya ta, ba ƙiyayya ba. Mai yiwuwa tsohuwar nan goggo ta, kasuwa tak kawo ta, ta miƙa ledoji ta koma rugarsu.”

Iyakar laifin Maryama ke nan. Sauran kuwa, wani ya sa fuskar dariya, wani ya ƙara, Malam Isiyaku mai kula da zauren ya rubuta, “Malama Saratu, yau an koma aji.” Na yarda bai kyauta ba. Bakinsa ya fi hankalinsa sauri tun muna aiki tare a Isa, kuma na kira shi na faɗa masa. Amma kafin in gama rubuta miki “yi haƙuri ki saurara,” da wannan yatsan nawa mai laluben baƙaƙe, sai na ga waya ta nuna Saratu ta fita.

Abin da ya fi ba ni haushi, a wane gida kika tashi? Kin taɓa jin na kira sunan babban yayanku? Ga shi da 'ya'ya, furfura ta fara leƙo masa, har yau “mai shago” nake ce masa. Ranar da ya karye a ƙafa yana ƙarami, kakarku ce ta goya shi zuwa wurin mai ɗori, ni ina biye daga nesa kamar wadda ta fito sayen gishiri, alhali cikina yana ci da wuta. Ku 'yan yanzu na cikin gari kun yar da wannan, kuna ɗaukar ɗan fari hoto kuna kiransa da sunaye iri-iri, ban ce kun yi laifi ba. Amma don kun yar ba shi ke nuna kowa ya yar ba. Kuma kada ki ɗauka ina ɗaga kaina ne. Ni da na yi wannan kunyar da jikina, na yi shekaru ina yi wa duk wadda ta riƙo yaro bayani, ban taɓa tambayar ko ita ce ke ba shi abinci ba. Sai da Maryama ta faɗa na haɗa biyun. Bambancina da ke, ni ba wanda ya tare ni ya gaya mini, ke an gaya miki kin yi zuciya.

Ke ba ki san yadda aiki yake ba in babu mai gyara maka, bari in ba ki kaɗan. Farkon aikina an kai ni wani ƙauye a ƙasar Isa, ɗaki biyu da rumfa, ni kaɗai. A makaranta an koya mana a ce wa mara lafiya, “Sau uku a rana, bayan cin abinci.” Haka nake faɗa, da murya irin ta wadda ta yi karatu. Da damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, gero bai nuna ba, sai na ga mutane suna dawowa da ragowar ƙwayoyi a ƙulle a bakin zane, ciwo yana nan inda yake. Na yi ta faɗa, na ce mutanen garin nan ba su jin magana. Ashe maganata suka ji fiye da kima. Na ce bayan abinci, su kuwa a wannan lokaci sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidaje da yawa, sai su sha sau ɗaya su jira gobe. Wa zai buɗe baki ya gaya wa baƙuwa cewa ba a ci sau uku a gidansa? Na yi damina ba ɗaya ba, ba biyu ba, a haka. Sai a wani taron bita a Sakkwato, muna cin abinci a gindin bishiya, wata ma'aikaciya daga wani yanki ta ce ita da salla take haɗa wa mutane: asuba, azahar, lisha, ko ɗan kunu ne ko fura a sa a ciki tukuna. Saratu, na ji kamar in yi kuka a wurin. Dabarar da ba ta fi numfashi ɗaya ba ta yi shekaru tana zaune a bakin wata, ni ina can ina ɗaukar alhakin bayin Allah.

A zamaninmu haka ilimi yake tafiya. Sai an kira taro, sai an sami mota, sai ka dace da wanda ka zauna kusa da shi. Yanzu mutum ya gano abu da hantsi a Bafarawa, kafin azahar na Sabon Birni ya ji. Wannan ne kika sa yatsa kika rufe wa kanki. Don haka ki riƙe: in kika ga mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a kan maganarki, ki fara tuhumar bayaninki kafin ki tuhumi hankalinsu, sannan ki tambayi 'yan uwa yadda su suke faɗa.

Zuciyar nan kuma ba a ƙasa kika tsince ta ba, na sani. Babanki ba shi da ita, mutumin da akuya za ta ci masa hula ya ba ta haƙuri. Tawa ce. Da aka maido ni cikin Isa, akwai wata babbarmu, Sista Rabi, Allah Ya jiƙanta, mace mai kaifin harshe. Wata rana ta same ni na naɗe wani bakwaini da tsummoki har ba a ganin hancinsa, na ajiye shi a gado ɗaya, uwar tana wani gadon. A gaban masu jego da masu jinya ta ce, “Kulu, wanga ɗa na ko ƙunshin goro?” Aka kwashe da dariya. Daga ranar na ɗauke mata wuta. Gaisuwa kawai, ita ma a tsaye. In na hango ta nufo ɗakin haihuwa, sai in tuna ana nemana a wurin allura. Abin da take so ta nuna mini shi ne a kwantar da irin wannan jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure su da zane, ɗumin jikinta ya riƙe shi. Ban tsaya na koya ba sai bayan an yi mata canjin wurin aiki, daga bakin wata da ta fi ni haƙuri. Tsakanin ranar da aka yi mini dariya da ranar da na koya, bakwaini nawa suka bi ta hannuna? Ban sani ba, kuma ba na son in sani. Sista Rabi ba ta rasa komai ba da fushina, ta ci gaba da cin tuwonta. Waɗanda abin ya faɗa wa ba su ma san ana faɗa ba.

Saboda haka wanda ya gyara miki da baƙar magana, ki ɗauki gyaran ki bar masa baƙar maganar. In ta tsaya miki a rai, ki same shi gefe daga baya ki ce bai kyauta ba, kina da wannan damar. Abin da ba ki da damarsa shi ne ki rufe kunne, domin ba jikinki ake yi wa magani ba.

Kada ki ce ina kare zauren nan ne don ban san halinsa ba. Na sani, ni ma yana hawar mini kai. Ki buɗe waya da safe ki tarar barka da Juma'a ta cika ta, furanni da masallatai, har ranar Talata wani yana turo ta makon jiya. Ga katin biki, ga mai tallan atamfa, ga Malam Isiyaku da saƙon muryar da za ki ɗora ruwan zafi ya tafasa bai gama sallama ba. Ga masu amsa “Allah Ya sawwaƙe” ga tambayar da ke neman amsa. Sau da yawa na ce yau za ni fita in huta. Amma a cikin wannan tarkacen ne wata ta faɗi yadda ta maida ranar awon ciki ta dace da ranar kasuwa, don mata su sami abin hawa da izinin fita a lokaci ɗaya, mata suka ƙaru mata, wasu suka kwaikwaya. A ciki ne wani ya sanar cewa amai da gudawa sun ɓulla a wajensu, na ƙauyukan kusa suka tanadi ruwan gishiri da sukari, suka bi rijiyoyi da gargaɗi kafin abin ya iso. Ba kuma duk abin da aka turo ake bi ba. In wani ya kawo maganin da ya ce yana warkar da komai, ki tambaye shi inda ya samo, ki jira manya su tofa, kada ki tura gaba don kawai ya zo da hoton mutum cikin farar riga.

Ni ma an yi mini a zauren, kina nan ma, sai dai ko kin manta. Ina sabuwar shiga, wata maƙwabciya ta zo mini da kumburi a muƙamuƙi, na ɗauki hoto na tura ina neman shawara. Na yi wayo na yanke idanun. Na manta da tsagar Gobir da ke kumatunta da haƙorin Makka. Ba a jima ba wani ma'aikaci da na haifi sa'ansa ya rubuta, “Mama, wagga ai ƙanwar innata ta. Ta san an sa ta nan?” Ba ta sani ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na goge hoton, na ba shi haƙuri a gaban kowa, na ɗauki mayafi na je gidan matar na gaya mata abin da na yi. Ta yi mini wankin babban bargo, na tsaya na sha. Washegari na buɗe zaure na yi sallama kamar kowa. Ban mutu ba, ga ni kina gani.

To in kin koma, ki kiyaye. Ba suna, ba fuska, ba sunan ruga ko unguwa, in hoto ya zama dole sai da yardar mai ciwo. Ƙasar nan kowa ɗan uwan wani ne. Kuma ki kawo ciwo, kada ki kawo jama'a ki shanya. “Matan ruga” da kika rubuta, kin manta uwar Maryama matar ruga ce? Matar da ta riƙa aiko muku da man shanu kuna makaranta, kika dawo hutu kumatu sun fito? Maryama ta karanta abin da kika rubuta, ta haɗiye, ta amsa miki da tambaya maimakon zagi. A ganina ke ya kamata ki ba da haƙuri, amma ke ce ke yawo a tsakar gida kina kumbure-kumbure.

Ga abin da ya wuce ki bayan fitarki. Dariyar ba ta je ko'ina ba. Wata ungozoma daga Isa, wadda ta girme ki nesa ba kusa ba, ta ce wallahi ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Wani ya ce yanzu ya gane dalilin da wasu yara ke dawo masa ba ci gaba. Aka yi ta kawo shawara, ana gyara wa juna, har aka tsaya a kan hanya ɗaya. Duk yaron da aka kawo, a tambayi wadda ta riƙo shi wa ke kwana da shi, wa ke ba shi abinci. In ɗan fari ne, kada a ƙwala wa uwar kira a gaban jama'a, kada a ce mata “ɗanki.” A bar tsohuwa da yaro a ciki, mace ma'aikaciya ta fita ta same ta gefe, ta zauna kusa da ita ba ido cikin ido ba, ta ce “yaron gidanku,” ta nuna mata da hannu yadda ake yi. Maryama ta turo yadda ake faɗin muhimman maganganun da Fulatanci, ga wadda Hausarta ba ta nuna ba. Wasu sun gwada har sun dawo da labari mai daɗi. Tambayarki ce ta haifi duk wannan, duk da munin yadda kika yi ta. Kowa ya amfana da kuskurenki, sai ke da yaron da aka fara maganar a kansa.

Yanzu ga abin da na so in gaya miki jiya, kika ce “Inna don Allah” kika saki labule.

Jiya da hantsi, kina kasuwa wurin sayen bokiti da fitila, aka yi sallama. Mai tallan nono ce, yarinya siririya, ƙwarya a ka. Na ce muna da shi, Allah Ya ba da kasuwa. Ba ta tafi ba. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida, ta tsuguna, tana gyara faifai, tana gyara ludayi, tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Na kawo mata ruwa na zauna, don na yi aiki da mutane, na san mai talla na san mai magana a ciki. Can, idonta a kan bango, ta ce:

“Nan na gidan malamar asibiti?”

Na ce nan ne, amma ta fita.

Ta sake gyara faifai. Sannan ta ce, “Wancan na gidanmu... abin ledan nan da anka ba shi. Cikin kunu a ka dama shi, ko cikin ruwa?”

Nan take na gane uwar yaron nan ce. Na ce, “Ke ƙaƙa kinka yi?”

Ta ce goggon mijinta ce ta miƙo mata ledojin, ta ce an ce a ba shi, ta wuce tasu rugar. Ita kuma ta ga abu mai kauri, yaro ba ƙarfi, ta ji tsoron ya shaƙe. Sai take dama kaɗan a ruwa mai yawa, abin da ya rage ya kwana, da safe ta ƙara ba shi. Sauran yaran gidan in sun yi kuka a lasa musu. Wa za ta tambaya? Surukarta? A kan ɗan fari?

Wannan abinci ban yi aiki da shi sosai ba kafin in ajiye, kuma ba za ni yi ƙaryar sani a kan ran yaro ba. Na ɗauki waya na yi tambaya a zauren da kika raina, ba suna, ba hoto. Kafin ta shanye ruwan da na ba ta, amsa ta zo daga Isa, ta zo daga Maryama. Ba a dama shi, ba a haɗa shi da komai. A wanke hannu, a ba yaro mama tukuna, sannan a matsa masa daga ledar kaɗan-kaɗan, a bi shi da ruwa mai tsabta, kuma nasa ne shi kaɗai. In ƙafa ta kumbura ko ya ƙi ci, a nufi babban asibiti ba jira. Yawan da zai riƙa ci kuwa sai an sake auna shi. Na matsa gefenta, ina kallon bangon da take kallo, na gaya mata duka da “yaron gidanku.” Ta maimaita mini ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Da ta ɗora ƙwarya za ta tafi, na kasa haƙuri. Na ce, “Ranar da anka yi bayanin, kina ina?”

Ta ce, “Ina gindin taga. Nan niz zaɓa don in ji. Na ji muryatta tana ta hwaɗi, amma ɗiya na ta kuka, ban kama komi ba.”

Kin ji wadda kika ce ko kallonsa ba ta yi. Bayan da kika ga ta juya miki, jingina ta yi da bangon ɗakinki tana neman maganarki. Da ba ta samu ba ta ɗauki nonon da ba sayarwa ne ya fito da ita ba, ta tako tun daga daji, tana tambayar gidanku ƙofa-ƙofa. Wallahi da ta fita sai da na zauna na share hawaye, kuma rabin kukan na haushinki ne.

Mutanen rugarsu sun tashi da shanu, yanzu sun sauka a dajin da ke bayan Gangara. Asibitin da ya fi kusa da su naki ne. Na gaya mata can za ta same ki, ta ce ranar kasuwa za a kawo shi.

Don haka ba roƙonki nake yi ba, umarni nake ba ki, ni da na haife ki. Na sa miki layina na Nijar a aljihun jakar, an ce can shi ya fi kamawa in an hau tudu, don kada ki kawo mini zancen sabis. Ki yi wa Malam Isiyaku sallama. Ya ce ba zai maida ki ba sai kin nema da bakinki, kuma wannan karon na goyi bayansa. Ki nemi Maryama ki ba ta haƙuri, ki sa ta maimaita miki maganganun nan na Fulatanci har su zauna. In an sake sa miki fuskar dariya, ki bar su su yi, haƙoransu ne.

Ranar kasuwa za a shigo miki da yaro a hannun wata tsohuwa. Ki gaishe ta da girmamawa, ki auna shi, ki bar ta ta huta a benci. Sannan ki ɗauki leda ɗaya ki fita ki zagaya gindin taga. Tana can.

Allah Ya ba shi lafiya a hannunki, Ya raya mata shi har ranar da zai yi furfura tana kiransa da wani suna. Ke kuma Allah Ya tsare min ke a zaune da tafe, Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na daji, Ya dawo min da ke lafiya. Kada ki hau babur in rana ta yi sanyi, ko wa ya ce miki hanya lafiya lau. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Wassalam,
Innarki, Kulu